Ingilishin masu tsara manhaja: sharhi a kan binciken Philip Guo

A watan Afrilu na 2018, a wani babban taron masana harkar kwamfuta da aka yi a birnin Montreal na ƙasar Kanada, Philip Guo, malami a jami'ar Kaliforniya da ke San Diego, ya gabatar da sakamakon binciken da ya yi a kan wahalhalun da masu koyon tsara manhaja suke gamuwa da su idan ingilishi ba shi ne harshen da suka tsotsa ba. Ya ɗora takardar tambayoyi a kan Python Tutor, wata kafar koyarwa da shi da kansa ya ƙago, ya samu amsoshi 840 daga ƙasashe 86, harsunan uwa da masu amsawar suka ambata kuwa sun kai 74. Ba domin Nijar aka yi binciken ba. Duk da haka ya cancanci a tsaya a kansa a cikin wannan mujalla, saboda kundin sake fasalin ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana hausa a matsayin harshen ƙasa, ya kuma sanya ingilishi da faransanci a matsayin harsunan aiki. Ko ba jima ko ba daɗe za a ɗora wa masana harshe da ma'aikatan yaƙi da jahilci nauyin samar da kalmomin wannan fanni, kuɗin aikin kuwa ba za su yi yawa ba. Gara a san inda wahalar take kafin a kashe su. (Kalmar «manhaja» a nan tana ɗauke da sabuwar ma'anarta, watau jerin umurnin da ake rubuta wa kwamfuta, ban da tsohuwar ma'anar da malamai suka sani ta tsarin darussa. An kuma guji kalmar «turanci», domin abin da take nufi a Kano ba lalle shi take nufi a Tawa ba.)

1. Abin da binciken ya samo

Masu amsawar sun koka a kan abubuwa huɗu: karanta littattafai da bayanan koyarwa, tattaunawa da abokan sana'a a kan aiki, karantawa da rubuta manhajar kanta, da kuma nauyin koyon ingilishi da tsara manhaja a lokaci guda. Game da abin da suke bukata, sun nemi a sauƙaƙa ingilishin darussa, a cire masa zaurance da barkwancin da ɗan gida kaɗai ke ganewa, a yawaita zane da hotuna, a kawo misalan da ba su jingina da al'adar wata ƙasa ba, a kuma dasa ƙamus a cikin darasin yadda mai koyo zai ga fassarar kalma nan take. Wasu sun ce sha'awar tsara manhaja ce ta zaburar da su har suka ƙara himma a kan ingilishi.

Babban amfanin wannan aiki shi ne ya ɗauke idon mai nazari daga wurin da aka saba kallo. An daɗe ana ɗauka cewa matsalar tana cikin killatattun kalmomi, watau ƴan kalmomin nan da kowane harshen manhaja ya riƙe wa kansa, irin su «if», «for» da «while». Alhali kuwa ba su da yawa. Harshen C, a ƙa'idarsa ta 1989, yana da 32. Python, wanda Guido van Rossum ɗan ƙasar Holan ya fitar a 1991, yana da 35 a zubinsa na shekarar 2023. Yaron da ya haddace izu guda a makarantar allo ba zai kwana uku a kan kalmomi 35 ba. Daga cikinsu ma akwai waɗanda ba ingilishin kowa ba ne: «def», «del» da «elif» guntaye ne da aka datse, «lambda» kuwa sunan harafin girkanci ne da aka aro daga lissafin Alonzo Church na shekarun 1930. Ɗan Landan da bai koyi sana'ar ba bai fi ɗan Madawa sanin abin da «elif» ke nufi ba.

Fassara waɗannan kalmomi abu ne mai sauƙi, an kuma sha yin sa. Tun cikin shekarun 1950 Grace Hopper ta nuna wa shugabannin kamfaninta a Amurka cewa ana iya rubuta manhaja ɗaya da kalmomin faransanci ko na jamusanci, na'urar ta karɓa ba tare da gardama ba. A farkon shekarun 1970 Faransawa sun ƙago harshen LSE domin makarantunsu, da kalmomi irin su LIRE, AFFICHER, SI, ALORS da SINON, aka gwada shi a makarantun sakandare 58. Ya yi zamaninsa a aji, bai samu shiga masana'antu ba, a ƙarshe aka bar shi. Inda Faransawa suka ci nasara wani wuri ne daban: kalmomin da ake bayani da su. Jacques Perret ya ba da «ordinateur» a 1955, Philippe Dreyfus ya ba da «informatique» a 1962, daga baya «logiciel» ta biyo, dukansu kuma suka zauna daram. Ɗalibin Paris yana rubuta «while» a kan na'ura, amma da bakinsa «boucle tant que» yake faɗa. Wannan rabon aiki tsakanin hannu da baki shi ne ya kamata mai karatu ya riƙe, domin za a sake komawa kansa.

Binciken Guo ya tabbatar da cewa nauyin yana can bayan killatattun kalmomi: cikin dubban sunayen ayyuka da ke cikin taskokin manhaja, cikin saƙonnin da na'ura ke turowa idan an yi kuskure, da cikin littattafan jagora. A kan wannan babu abin da za a ce sai madalla.

2. Waɗanda aka tambaya

Rauni na farko yana cikin hanyar tattara amsoshin. Da ingilishi aka rubuta tambayoyin, a kan kafar da ke magana da ingilishi. Duk wanda ya amsa, ke nan, ya riga ya haye kogin, yana ba da labarin zurfin ruwan daga wancan ƙetare. Wanda ya buɗe darasi ya ga ba ya gane komi ya rufe, babu muryarsa a cikin amsoshin, shi ne kuwa mutumin da mai tsara yaƙi da jahilci ya fi damuwa da shi. Wannan bai rushe sakamakon ba, sai dai ya rage faɗinsa. Abin da aka auna shi ne ƙorafin waɗanda suka jure.

Rauni na biyu ya fi nauyi. Binciken ya tara masu harsuna da yawa cikin ƙwarya ɗaya da sunan cewa ingilishi baƙo ne a wurinsu, shawarwarinsa kuma suna tafiya ne kamar kowa da harsuna biyu yake fama, nasa da ingilishi. Ɗalibin Jamus ko na Japan ko na Barazil ya yi lissafi da kimiyya cikin harshensa tun daga firamare har jami'a. In an fassara masa kalma, akwai gurbin da ke jiranta a cikin kansa. Ɗalibin Maraɗi ko Damagaram da hausa ya tashi a gida, da faransanci ya koyi lissafi a lakwal, ingilishi kuwa sai a ajin farko na kwaleji ya fara jin sa, ƴan sa'o'i a mako, a kan gaisuwa da sunayen kayan ɗaki. Makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan ƙasa, waɗanda aka fara a Damagaram a 1973, aikinsu a firamare ya tsaya. Idan wannan ɗalibi ya zauna gaban kwamfuta, malami yana bayani da faransanci, allon na'ura yana amsawa da ingilishi, abokin zamansa kuma yana raɗa masa da hausa. To, zuwa wane harshe ƙamus ɗin zai fassara?

Faransancin da ke tsakiya yana taimako, ba a musun wannan. Kalmomi irin su «variable», «condition», «argument» da «exception» rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu, ɗan lakwal yana samun su kyauta. Amma kyautar tana zuwa da tarko. «File» a ingilishi shi ne fayil, abin da Faransawa ke kira «fichier». A faransanci kuwa «file» layin jira ne, kuma layin jira wani tsarin ajiyar bayanai ne da ake koyarwa a darasin manhaja, wanda ingilishi ke kira «queue». «Sort» a ingilishi umurni ne na a jera abubuwa bi da bi, amma idon da ya saba da faransanci aikataun fita yake gani. «Char», guntun kalmar da ke nufin harafi a harshen C, a faransanci motar yaƙi ce. «Library» kuwa har malamai sukan mayar da ita «librairie», watau kantin sayar da littattafai, maimakon «bibliothèque». Irin wannan ruɗani ɗalibin Kano bai san shi ba, balle na Tokyo.

Akwai kuma batun jerin kalmomi cikin harɗaɗɗen suna, wanda ya fi tarkon kalmomi zurfi. Hausa da faransanci sun yi tarayya wajen gabatar da jigon suna: «sunan fayil», «nom de fichier». Ingilishi yana jinkirta shi: «file name». Harsuna biyun da ɗalibin ya iya sun horar da shi ya nemi jigo a farko, saboda haka sai ya karanta «error message» a matsayin kuskuren saƙo, alhali saƙon kuskure ake nufi. A ɗauki ɗaya daga cikin saƙonnin da kowane mai koyon Python ke cin karo da su a makonnin farko: «list index out of range». Babu aikatau a cikinsa ko ɗaya. Ƙamus mai fassara kalma bayan kalma zai ba da jeri, lamba, waje, iyaka, ɗalibi kuma ya haɗa «jerin lamba». Abin da saƙon ke faɗa shi ne lambar gurbin da aka nema ta wuce iyakar jerin. Kafin ya amfana da wannan fassara ma, sai ya san cewa Python daga 0 yake fara ƙirga gurabe, watau jeri mai abubuwa 5 lambar gurbinsa na ƙarshe 4 ce. Babu ƙamus na ingilishi da zai faɗa masa haka.

3. Batun ƙamus

Shawarar dasa ƙamus ita ce za ta fi jan hankalin masu tsare-tsare, domin ita ce mai sauƙin aiwatarwa: a kafa kwamiti, a jera ƴan ɗaruruwan kalmomi, a sa fassara a gefe, a buga. Tushenta shi ne zaton cewa kalmar da ke cikin manhaja tana ɗauke da ma'anarta ta ingilishin yau da kullum, wanda ya san ta biyun ya san ta farkon. Shekaru biyar kafin aikin Guo, a 2013, Andreas Stefik da Susanna Siebert sun buga wani nazari da ya girgiza wannan zato. Sun tambayi ɗalibai a Amurka, waɗanda ba su taɓa tsara manhaja ba, wace kalma ce ta fi dacewa da umurnin maimaita aiki. «For», «while» da «foreach», watau kalmomin da manyan harsunan manhaja ke amfani da su, su ne suka zo ƙarshe. Sun kuma ƙago wani harshe mai suna Randomo, wanda aka zaɓi alamominsa ta hanyar ƙuri'a, suka sa sababbin shiga su rubuta manhaja da shi da kuma wasu sanannun harsuna. Masu Java da Perl ba su fi masu Randomo dacewa ba ta yadda lissafi zai iya shaidawa. Masu Python da Ruby sun fi su. Idan wanda ya yi dukan karatunsa da ingilishi bai ci ribar ma'anar «for» ba, da wuya a ga ribar da Bahaushe zai ci in an fassara masa ita.

Tarihin kalmar ya bayyana dalili. «For» ɗin manhaja fassarar «für» ce ta jamusanci, wadda Heinz Rutishauser, masanin lissafi ɗan Suwizalan, ya yi amfani da ita a harshensa Superplan a 1951, daga nan ta shiga ALGOL a 1958. Daga bakin masu lissafi ta fito, masu cewa «ga i daidai da 1, 2, 3». Ƙamus zai ba da «don» ko «domin» ko «saboda», babu kuwa ɗaya da ta shafi maimaitawa. Abin da ya dace da ita a hausa shi ne «ga kowane»: layin «for ɗalibi in aji» ana karanta shi «ga kowane ɗalibi cikin aji, a yi kaza». Da zarar an faɗe shi haka, bayani ya ƙare.

«While» ta fi haɗari, domin fassararta ta ƙamus tana kama da gaskiya. A ingilishin yau da kullum tana nufin «yayin da», abubuwa biyu suna gudana tare. A manhaja sharaɗi take kafawa, hausarta kuwa «muddin» ce ko «matuƙar»: muddin akwai hatsi a buhu, a ɗebi tiya guda. Faransawa sun lura da wannan tun da wuri, shi ya sa suka zaɓi «tant que» suka bar «pendant que». Masu nazarin koyarwa irin su Jeffrey Bonar da Elliot Soloway a 1985, da Roy Pea a 1986, sun nuna cewa sababbin shiga masu jin ingilishi suna ɗauko ma'anonin harshen yau da kullum su shafa wa manhaja, har su zaci na'ura tana sa ido a kan sharaɗin a kowane lokaci, za ta kuma tsaya da zarar ya karye. Ba haka take yi ba. Sau ɗaya take duba sharaɗin a farkon kowane zagaye, in ta shiga sai ta kai ƙarshensa. Ko «muddin» ɗin ma tana bukatar wannan ƙarin bayani, sai dai ta fi «yayin da» kusa da gaskiya nesa ba kusa ba.

A kan «and», nahawun hausa yana da abin da ingilishi da faransanci ba su da shi. «And» da «et» suna haɗa sunaye, suna kuma haɗa jimloli. Hausa ta raba aikin: «da» tsakanin sunaye, kamar Audu da Bala, «kuma» tsakanin jimloli, kamar Audu ya zo kuma Bala ya tafi. «And» na manhaja, a aikinsa na asali, jimloli biyu yake haɗawa waɗanda kowace za ta iya zama gaskiya ko ƙarya. Ƙamus zai fara da «da», ya sa ɗalibi a hanyar ɓata. Malamin da ya san harshensa zai ce wannan «and» ta «kuma» ce, ya huta. Da «or» kam hausa ba ta da irin wannan gata, domin «ko» tana haɗa sunaye da jimloli duka, saboda haka ɗalibi yakan rubuta «x == 1 or 2» yana nufin x ɗaya ne ko biyu. Python yana karɓar layin ba tare da ƙorafi ba, sharaɗin kuma kullum gaskiya yake fitowa, saboda lambar 2 ita kaɗai ana ɗaukar ta a matsayin gaskiya. Bugu da ƙari «ko shayi ko kunu» zaɓin ɗaya ne a bakin Bahaushe, «or» na manhaja kuwa ya yarda a sha duka biyun.

«Return» tana aiki biyu a lokaci guda: aikin da aka kira ya ƙare ya koma wurin wanda ya kira shi, ya kuma miƙa masa sakamako. Faransanci yana kai da kawo tsakanin «retourner» da «renvoyer». Hausa tana da «dawo da», wadda ta riƙe ma'anonin biyu cif: yaron da aka aika kasuwa ya dawo da canji. Da wannan hoto ana iya warware ruɗanin da ke tsakanin «return» da «print», wanda ke cin sababbin shiga a ko'ina. «Print» ragowar zamanin da na'ura ke buga amsarta a kan takarda ce. A yau abin da take yi shi ne nunawa a kan allo. Yaron da ya ɗaga canjin ya nuna daga bakin ƙofa bai sa shi a hannun mai aike ba.

Har ƙirar kalma tana da abin cewa. A Python «sort» tana jera abubuwan da ke cikin jeri a inda suke, ta canza jerin na asali, ba ta dawo da komi ba. «Sorted» kuwa tana barin na asali yadda yake, ta dawo da sabo. Haka «reverse» da «reversed». Bambancin yana cikin ɗafin ƙarshe, wanda ɗalibin da ke neman tushen kalma a ƙamus zai yar. Hausa tana da makamancinsa daidai wa daida: jera da jerarre, juya da juyayye. Na farko umurni ne, na biyu sifar abin da aka gama yi ce.

Waɗannan misalai suna nuna cewa littafin da ake bukata ya bambanta da jerin kalmomi biyu a gefe da gefe. Kamata ya yi a bar kalmar manhaja yadda take, kamar alamar lissafi, a sa mata ƙirar jimlar hausa da ake karanta ta da ita, da ɗan misali mai aiki, da kuskuren da aka fi yi a kanta, da gargaɗi in tana da ƴar uwa ta ƙarya a faransanci. Hanyar da Faransawa suka bi ke nan bayan LSE, hannu yana rubuta ingilishi, baki yana bayani da harshen gida. Aikin ya fi na kwamitin fassara wuya, domin ba ya yiwuwa sai masanin harshe da mai tsara manhaja sun zauna a aji ɗaya sun saurari yadda ɗalibai ke yi wa juna bayani. Kalmomin nahawu da aka tara a «Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi», wanda Dalhatu Muhammad ya shirya aka buga a 1990, waɗanda suka rayu daga cikinsu sun rayu ne saboda ana koyar da hausa da hausa a jami'o'in Nijeriya, malamai suna furta su kullum gaban allo. Kalmar da ba ta da aji a takarda take tsufa.

4. Misalai da sunaye

Kukan masu amsawar a kan misalan da suka jingina da al'adar Amurka kuka ne na gaskiya. Darasin da ya dogara da ƙa'idojin wasan da ɗalibi bai taɓa gani ba ya ƙara masa kaya. Amma maganin da aka nema, watau misalai marasa al'ada, ya saɓa wa abin da yaƙi da jahilci ya koya a ƙasar nan. A ƙarshen shekarun 1960, a kasuwannin gyaɗa na ƙungiyoyin haɗin gwiwa na UNCC a Maraɗi da Damagaram, manoma sun rungumi lambobi saboda suna son su karanta sikeli da littafin awo da idonsu. Mai shirya darasi ga duniya baki ɗaya dole ya wanke misalansa daga kowace al'ada. Mai shirya shi ga ƴan Tasawa ba shi da wannan takura. Littattafan ƙetare sukan fara da juya ma'aunin zafi na Fahrenheit zuwa na Celsius. A nan akwai juyin da kowa ke yi a kansa kullum, daga dala zuwa tamma: farashin da aka rubuta 100 a takarda dala ashirin ne a baki. Manhajar da ke raba lamba da 5 ta faɗi farashi yadda ake faɗinsa a kasuwa tana koyar da abin da waccan ke koyarwa, ɗalibin kuma yana iya gane kuskurenta da kansa.

Wannan ya kawo ga wani abin da ya fi shafar masu ƙa'idar rubutu. Kalmomi da yawa da ke cikin manhajar ɗalibi sunaye ne da shi da kansa ya raɗa wa ma'ajiyar bayanai da ayyukansa, na'ura kuma ba ta damu da harshensu ba. A da, tsarin haruffa na ASCII, wanda aka kafa a 1963 da gurabe 128, bai san ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ba. Tun daga Python 3, wanda ya fito a 2008, ana iya sa kowane harafi na tsarin Unicode cikin suna, saboda haka «ƙidaya», «ɗalibai» da «ɓawo» halattattun sunaye ne. A aji wannan yana da wata fa'ida da ba a zata ba: ɗalibi yana gani da ido cewa abin da ke da hausa nasa ne, yana iya canza shi, abin da ke da ingilishi kuwa na harshen manhaja ne, ba a taɓa shi. Ranar da zai yi aiki da abokan sana'a na ƙetare dole ya koma sunayen ingilishi, amma wannan matsalar shekara ta uku ce.

A nan ƙa'idar rubutun Nijar, wadda dokar ma'aikatar ilimi ta 1999 ta tabbatar, ta yi sa'a. Tana rubuta ƴ da harafi guda, na'ura kuma tana karɓar «ƴanaji» a matsayin suna. Rubutun Nijeriya yana sa waƙafin sama kafin y, Python kuwa yana ɗaukar wannan alama a matsayin buɗe zance, sai ya tsaya da saƙon kuskure. Sai dai sa'ar ba ta kai ga hamza ba, wadda ƙasashen biyu ke rubutawa da waƙafin saman. «Ma'auni», «ma'ana», «sa'a» da «jama'a» duka ba sa shiga. Tsarin Unicode yana da wani harafi mai kama da waƙafin saman wanda Python ke karɓa cikin suna, amma babu shi a kan madannan AZERTY da ake aiki da su a Yamai, kamar yadda babu ɓ, ɗ, ƙ da ƴ sai an ƙara wani tsari. Malami zai zaɓa tsakanin ya rubuta «maauni», wanda ke tuna da tsohon rubutun dogayen wasula na jaridun yaƙi da jahilci, ko ya sa layin ƙasa a gurbin hamzar, ko ya kauce wa kalmar ya ce «awo».